Bindiga Mai Sakata a Hagu

Otter Cove,
24 ga Yuni, 1996

Zuwa ga 'yata Verna,

Gaisuwa mai yawa daga ni da wannan gida da ya yi mini girma. Ina fata kina lafiya, kuma ƙurar ma'adinan nan ba ta cinye miki ƙirji ba. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar nan da ke sanar da ni ruwa zai sauko tun kafin rediyo ya faɗa. Karenmu Skipper ma yana nan, ba ya haushi yanzu sai barci da tusa. Kada ki ce don me ban buga waya ba. Kin san ni da waya, ba na jin komai a cikinta sai ƙugi, ga ki can kina tsaye a baranda mutum goma na jiran ki gama.

Albishirinki. Ƙuri'ar farauta ta fito, kuma sunanmu na ciki. Shekara huɗu ina cike takardar nan da sunana da naki, sai bana Allah ya yi. Lasisin mutum biyu ne, mus ɗaya, ƙatuwar dabbar dajin nan dangin barewa, namiji ko mace, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Disamba, a fadamar bayan Dogon Tafki inda kika kayar da naki na farko, mai ƙahon nan da ya fi doki tsawo. Dokar ba ta sake ba: mu biyun da aka rubuta kaɗai ke da izinin harbi, kuma in mun fita tare dole kowa ya riƙa hangen ɗan'uwansa.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni da biro. Tsohuwar bindigata ta soja na jingine ta. Akwai wata sabuwa mai sakatar ɗura harsashi da ake ta saye a nan saboda araha. Selby Snook ya sayo ɗaya, ya shigo mini da ita kicin yana fankama ko takalmi bai cire ba. Na karɓa na jujjuya. Mummuna ce, Verna, ba a magana. Gindinta baƙar roba ce, in kin ƙwanƙwasa sai ki rantse bokiti ne. Sakatar da tauri, sai an sa mata mai an yi ta ja. Amma ba ta da nauyi, kunamarta ba ta gardama, kuma Selby, wanda bai taɓa samun abin da ya auna ba tun muna samari, ya zuba harsashi uku cikin murfin gwangwanin fenti a taki ɗari. Na ce masa, "Selby, bindigar ce ta yi, ba kai ba." Ya ce, "To kai ma sayo ta yi maka mana, tsohon banza."

Na je gari wurin mai shagon. Na ce ina son irinta, amma mai sakata a hagu. Ya dube ni ya ce masu hagu kaɗan ake ƙerawa, ya buga waya har St. John's, duk tsibirin nan babu ko ɗaya. Wai sai can wajenku inda shaguna ke da girma. Don Allah in kin samu ranar hutu ki leƙa mini. Mai sakata a hagu, kada ki manta.

Ɗakinki na nan yadda kika bar shi ranar da muka binne matata Melvina. Ina buɗe tagar kowane Asabar.

Kawunki,
Hedley

Fort McMurray,
14 ga Yuli

Kawu na kaina,

Wasiƙarka ta same ni, na karanta ta sau biyu cikin motar aiki lokacin hutun rana. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida gwiwa, ina gaida Skipper. Lafiyata ƙalau. Aiki dai shi ne shi: in ɗebo ƙasa a nan in zubar a can, awa goma sha biyu, cikin motar da ta fi gidanmu tsawo. Mu ɗari huɗu ne ke cin abinci a ɗaki ɗaya, amma ranar Talata na lura tun safe ban ce wa kowa uffan ba sai "na gode" da na ce wa mai zuba miya. Wani lokaci nakan buɗe taga ko iska za ta kawo mini ƙanshin teku, sai warin kwalta ya shigo. Ina kewar gida, ba zan ɓoye maka ba.

Na yi murna da ƙuri'ar. Amma Kawu, shekarata talatin da huɗu, na gane wayonka. Bindiga mai sakata a hagu! Duk zuriyarmu bahaguwa ɗaya ce, kuma ita ke rubuta maka wannan takarda. Wato ka ga roƙo ba zai kawo ni ba, sai ka ɗana mini tarko da kyauta, kuma ni zan nemo kyautar da ƙafata. Kai ɗin da ka shekara biyu kana buge mini yatsu da ɗan reshe a bakin teku kana cewa, "Ɗaya hannun, Verna! Ba a ƙera bindiga don bahagwai ba." Har sai da Inna Melvina ta ce in ka sake za ta kife maka tukunyar wake a ka. Na koya da dama ina kuka, kuma na iya. Yanzu bayan shekara ashirin ba na buƙatar a lallashe ni.

Duk da haka na leƙa shago biyu, don kada ka ce na ƙi. Na farko sun ƙare ma gaba ɗaya, har masu dama, wai da an sauke ake kwashewa. Na biyu yana da masu dama guda uku. Da na ce hagu sai ya yi dariya ya ce sai dai a yi oda, wata biyar in an yi sa'a. Wani ɗan Cape Breton da muke aiki tare yana da ita, ya ce duk abin da ka faɗa haka ne, mummuna ce amma ba ta ƙarya.

Maganar zuwa kuwa, ba zan yi maka alkawarin da zan karya ba. Da kaka ake gyaran injuna a nan, ba a ba kowa hutu, kuma masu jiran kujerata sun fi ɗari. Ka san tun da aka rufe kamun kifi babu abin da zan dawo in yi a gida. Ka ɗauki Selby ku je, tunda yanzu ya zama gwani.

'Yarka,
Verna

Otter Cove,
2 ga Agusta

Verna,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Wa ya ce miki taki ce? Na karanta wasiƙar da na aiko miki a kaina daga farko har ƙarshe, ban ga inda na roƙe ki ki zo ba. Selby kuma ba ya cikin takarda, ba a sauya suna, ke ma kin sani. Ki zauna ki riƙe kujerarki.

Ki daina wahalar da kanki da shaguna, na janye yabon da na yi. Na ari ta Selby na gwada a bayan coci. Madubin saitin da take zuwa da shi hazo ne zalla. Na sa ido, ban ga kwalin ba sai wani baƙin tabo a tsakiya. Selby na ta rantsuwa wai shi yana gani tangaran har da ƙudan da ya sauka a kai. Harsashi biyar na ɓata, ko gefen kwalin ban taɓa ba. Rabon da in yi haka tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Kayan araha ke nan.

Labarin gari babu yawa. Gidan Keeping sun kulle ƙofa sun tafi Ontario, sun bar mini kyanwarsu ba tare da sun tambaye ni ba. Ranar Lahadi mu tara ne a coci har da fasto. Na rage tuƙi, hanya ta lalace, ranar nan ma na goge ginshiƙin ƙofar gida da gefen dama na mota, wani ya matsar da shi ina jin. Ina dafa shayi a tukunyar mutum biyu don ita na saba da ita, in sha rabi in zubar da rabi.

Maganar reshe kuma, ban san har yanzu tana ranki ba.

Hedley

Fort McMurray,
19 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ka, kuma ina neman gafara. Sati bakwai ban amsa ba. Fushi na yi, na ce tunda ba ka roƙe ni ba, to shi ke nan, mu ga wanda zai fara gajiya. Ka san a wurin wa na gaji wannan hali. Lafiyata lau, haƙori ɗaya ne ya dame ni, kuma shi ne sanadin wannan wasiƙa.

Na tafi Edmonton a cire shi. A hanyar dawowa na tsaya shan mai a wani ɗan garin manoma, sai ga wani shago da ke sayar da komai, daga igiya har takalmin roba. Na shiga don in miƙe ƙafa kawai. Ina ɗaga kai sai ga ta a bango, baƙa, mummuna, da sakatarta a hagu. Mai shagon wata dattijuwa ce, Misis Kowalchuk. Ta ce tun bazara take rataye, wani ya yi oda bai dawo ba. Ta sauko mini da ita, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Taki ce, ko ta tsohonki?"

Na ce, "Ta kawuna ce. Me ya sa kika tambaya, Mama?"

Ta ce, "Bahago ne?"

Na ce a'a, shi da dama yake komai, har zagi.

Ta ce, "To 'yar nan, shekara talatin ina sayar da bindiga. Mutum iri biyu ke neman wannan. Akwai bahago, akwai kuma tsohon da idonsa na dama ya mutu yana ɓoye wa 'ya'yansa."

Na fita na shiga mota na ciro wasiƙunka daga jaka, don da su nake yawo ko ina fushi. Baƙin tabo a tsakiyar madubi. Selby yana ganin ƙuda. Ginshiƙi a gefen dama. Kai da ba ka taɓa goge mota da komai ba ko a ranar da ƙanƙara ta rufe gari. Komai na nan a rubuce, ni kuwa ina can ina lissafin reshen shekara ashirin. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka da kumburarren kunci, har mai zuba man ya zo ya tambaye ni ko lafiya.

Na koma na saye ta. Tana wurin ajiyar wani abokin aiki a gari, don ba a shiga da bindiga sansaninmu. Na ja sakatar da hannun da Allah ya ba ni, kuma Kawu, ban taɓa sanin haka abin yake da sauƙi ga sauran mutane ba.

Yanzu ka faɗa mini gaskiya, ba labarin kyanwa ba. Me ya sami idonka? Tun yaushe? Likita ya gani? In ka sake rubuto mini "muna lafiya" zan buga wa matar Selby waya, kuma ka san Doreen ba ta iya riƙe magana.

Taka,
Verna

Otter Cove,
3 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa. Ba zan ce muna lafiya ba tunda an hana ni. Skipper lafiya, kyanwa lafiya, gwiwa tana nan. Ki gaida mini Misis Kowalchuk in kin sake bi, ki ce mata ta cika sa ido.

Tun watan Fabrairu ne. Na tashi da safe na ga ginshiƙin taga ya lanƙwashe, na ɗauka gidan ne ke nutsewa. Likitan ido a Grand Falls ya ce tsakiyar idon dama ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu yana da kyau tukuna, amma ya ce yawanci ɗayan yakan bi ɗan'uwansa, shekara ɗaya ko biyu, ko uku in ina da rabo. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Na tsaya a kicin na faɗa wa kujerar Melvina, shi ke nan.

Da ƙuri'a ta fito na san wannan ne na ƙarshe da zan harba da kaina. Na ce to, a koma kafaɗar hagu da idon hagu. Na gwada da tsohuwar bindigata, sai in ɗaga kai in tsallaka hannu ta saman madubi ina laluben sakata, kafin in gama mus ya kai Labrador. Abin da kika sha ke nan kina yarinya, ni kuma ina tsaye da reshe. Ranar da na gane haka na ji kunya ƙwarai, Verna. Shi ya sa na kasa faɗa miki dalili. Yaya zan ce wa yarinyar da na buge wa yatsu ta zo ta koya mini zama bahago?

Kuma ban so ki zo don tausayi ba. Na so ki zo don kina so.

Ga sauran gaskiyar. Doka ta yarda in fita ni kaɗai, Selby ma ya ce zai taya ni ɗaukar nama. Amma in na harba na raunata dabba ta shige kurmi, ba wanda ke da izinin ƙarasa ta sai ke. Shekara hamsin da biyar ban taɓa barin dabba ta kwana da harsashina a jikinta tana wahala ba, ba zan fara da ido ɗaya ba. In ba ki zo ba, lasisin zai zauna a bayan agogo har Disamba ta wuce, kuma ba zan riƙe ki a rai ba. Kada ki rasa aikinki saboda tsoho.

Ina ta gwaji da sandar tsintsiya a kicin. Kyanwar Keeping na kallona, ba ta ga alamar nasara ba.

Kawunki,
Hedley

Fort McMurray,
21 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, motar ma'aikata na jira. Ina lafiya.

Na sami shugabanmu na ce ina son kwana goma daga ashirin da uku ga Nuwamba. Ya ce babu. Na ajiye masa makullin mota a tebur na ce to ya nemo wanda zai ja ta gobe. Ya ce, "Ku mutanen tsibirin nan, duk shekara sai wani ya zo mini da labarin mus." Ya sa hannu yana ƙunƙuni. Ban sani ba ko zan tarar da kujerata, kuma ba tambayarka nake ba.

Ba don tausayi zan zo ba. Zuwa zan yi in rama.

Kada ka tuƙo mota, Selby ya ɗauke ni a filin jirgin Gander. Sandar tsintsiya sau hamsin kullum, kafaɗar hagu, kumatu a manne. Ka yanko mini reshe mai kyau ka ajiye.

Verna

Otter Cove,
12 ga Janairu, 1997

'Yata Verna,

Gaisuwa mai yawa, da barka da sabuwar shekara. Na ji daɗi da kika tarar da kujerarki, ko da sun mayar da ke tsohuwar motar da ba ta da rediyo. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, da alƙalamin rubuta kwali nake rubutu yanzu, ya fi mini sauƙi. Jikina lafiya. Dusar ƙanƙara ta kai taga.

Akwai ƙarar da zan kai. Doreen na yawo a gari tana cewa wai kin gaya mata raɗa kika yi mini a kunne ranar nan. Raɗa! Bari in tuna miki, tunda ƙwaƙwalwarki ta fi idona lalacewa. Kwana biyar muna tattaka fadama cikin hazo ba mu ga ko kashi ba, sai shayi da burodi a kan kututture. Rana ta shida da safe wata macen mus ta fito bakin kurmi, taki tamanin, ke kika fara ganinta kika taɓa mini gwiwar hannu. Na sa idon hagu, na gan ta sarai har tururin hancinta. Na harba, ta girgiza amma ba ta faɗi ba, ta juya za ta shige. Sai wannan hannun dama nawa, mara jin magana, ya saki gaban bindiga ya tafi neman sakata inda ya saba samunta shekara hamsin da biyar. Ke kuwa kika kai masa duka kika daka tsawa, "Ɗaya hannun, Kawu!" Tsawar da na tabbata an ji ta a coci. Na ja da hagu, na sake harbi, ta durƙusa nan take. Taki bindigar tana kafaɗarki a shirye, na gani da gefen ido, amma kika jira ni. Na gode, 'yata. Yatsun kuma sun yi sati suna ciwo, mun yi daidai.

Ra'ayina na ƙarshe a kan bindigar, in wani ya tambaye ki: na nemi gafarar madubin, ba shi da laifi. Sakatar ta yi laushi. Har yanzu mummuna ce. Mai shagon gari ya aiko a faɗa mini wai yanzu zai iya samo mai hagu, zuwa watan Mayu.

Naman da na dafa na adana ya cika kwalba arba'in da biyu, na ba Selby goma, na ba fasto shida. Ban san wa zai cinye sauran ba. Da kika tafi gidan ya ƙara girma fiye da da. Kwana uku ina dafa shayi ina zuba kofi biyu kafin in tuna. Skipper na kwana a ƙofar ɗakinki, na yi masa bayani bai yarda ba. Ina kewarki, ga shi na faɗa, ba sai Misis Kowalchuk ta fassara miki ba.

Na koma wurin likita ranar Alhamis. Na hagun ya fara. Ginshiƙin taga ya soma lanƙwasa ta nan ma.

Na shafe bindigar da mai na rataye ta a saman ƙofar ɗakinki. Karon farko kin ce taki ce na yi fushi, to yanzu taki ce, don gidan nan bahaguwa ɗaya gare shi ta gaskiya. In takardar ƙuri'a ta fito da bazara zan sa Doreen ta cike mini, da sunana da naki. Mun koma ƙarshen layi, sai wata shekara huɗu kafin mu sake fitowa, kuma na san abin da likita ya ce game da shekara huɗu. Zan iya ɗaukar tukunyar shayi, zan iya zama shiru a kan kututture, kuma kunnena a daji ya fi na waya. Doka ta ce mu riƙa hangen juna. Ni ba zan hango ki ba lokacin, amma ke ki riƙa ganina, ya ishe ni.

Kawunki,
Hedley